Baturen Iska

Ba ni na zaɓi aikin awon iska ba. Da na gama makarantar Midil a Kano, malamin asibiti aka so in zama, sai aka ga ko kaza aka yanka a gabana jiri nake yi. Aka tura ni Ikko na koyi karanta ma'aunin zafi da na ruwan sama, da yadda ake bin balan-balan da ido har ta ɓace. Na dawo gida Haɗejia, aka yi mini aure, na zauna jiran a ce ga inda zan kama aiki. Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da gama yaƙin nan da aka kwashi samarinmu zuwa ƙasar Bama ba.

Wata rana masinjan Di'o, Baturen mulki, ya zo ya ce in je tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori in taryi Baturen da zan yi aiki a ƙarƙashinsa. Na hau keke na tafi. Jirgi ya tsaya, Baturen ya sauko da tarin akwatuna. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, gemunsa ya fara furfura. Da ya miƙo mini hannu sai na ga yatsu biyu babu, ragowar kuma sun yi dungu-dungu. Na ɗan noƙe. 'Yan dako ma suka ja da baya, kowa ya ɗauka kuturta ce. Ya lura da mu. Ya ɗaga hannun yana dariya, ya ce da 'yar Hausar da ya tsinta a Kano, "Ba ciwo ba ne. Sanyi ne ya cinye su." Ba wanda ya yarda. Mu sanyin da muka sani shi ne mai sa a hura wuta a ɗaki, ba mu taɓa jin mai cin yatsa ba.

Muka kafa tasharmu a wani tudu bayan gari, ta wajen hanyar fadama. Akwai farin akwati mai dogayen ƙafafu, jikinsa duk kafofi don iska ta ratsa, a cikinsa ma'aunan zafi da na laima suke. Gefe guda ga bututun tagulla a kafe a ƙasa yana tarar ruwan sama. Ga dogon ƙarfe mai 'yan kofuna a kansa, suna juyawa in iska ta kaɗa. Can nesa kaɗan muka yi rumfar kwano inda muke haɗa gas. Tukunyar ƙarfe ce mai nauyi, a zuba mata magani da ruwa a ɗaure bakinta, ta yi zafi kamar za ta fashe, sannan a cika balan-balan da abin da ya fito. Ba a kusantar rumfar nan da taba.

Aikin bai san Juma'a ba, bai san Salla ba. Ina idar da asuba zan tarar da shi tsaye a gindin akwatin. Ya karanta in rubuta, domin hannunsa ba ya riƙe alƙalami da kyau. Mu saki balan-balan, ya kafa ido a madubin hangen nesa yana bin ta yana kiran lambobi, ni ina duba agogo ina rubutawa, har ta zama ɗigo, har ya ce, "Ta tafi." Sai mu zauna lissafin inda iskar sama ta nufa da irin gudunta, a ba masinja ya kai a buga waya Ikko. Da hantsi a sake karantawa, da azahar, da la'asar, da magariba. Gobe ma haka. Amsa ba ta dawowa, sai fa in an aiko a ce mun yi kuskure a wata lamba. Mutanen gari suka riƙa ce masa Baturen iska, ni kuma malaminsa.

In rana ta take, tsakanin azahar da la'asar, akwai wata tsamiya da muke fakewa a gindinta. Shi ya kishingiɗa a kujerar tamfol da jiƙaƙƙen tawul a ka, ni in shimfiɗa buzuna. A nan na ji labarin hannun, kaɗan-kaɗan, rabi da Hausa rabi da Turanci.

Ya ce tun yana saurayi, kafin yaƙi, aka kai su can ƙarshen duniya ta arewa, su 'yan kaɗan. Jirgin ruwa ya sauke su da katako da abincin gwangwani da karnuka, ya juya. Ba zai dawo ba sai shekara ta zagayo, saboda teku da kanta daskarewa take yi. Babu bishiya ko ɗaya a ƙasar. Ƙanƙara ce abin takawa, ƙanƙara ce tudu. Aikinsu kuwa irin namu ne sak, farin akwati da balan-balan da madubi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ke noma a can da za a yi masa awon ruwa?"

Ya ce, "Babu kowa, Malam." Ya ce manyansu sun ce iskar duniya duk ɗaya ce, abin da ya taso a can shi ne ke tafiya ya zama hadari a wani wuri, don haka sai an auna can za a gane nan.

Ɗaki ɗaya gare su na katako. Dusar ƙanƙara ta binne shi har rufi, ta wani rami suke fita kamar gafiyoyi. Da sanyi ya kama, rana ta faɗi, ba ta sake fitowa ba wata da watanni. Na tambaye shi ta yaya mutum zai san lokacin salla a irin wannan wuri. Ya ce agogo ne ranarsu, har mutum guda aka ware wa aikin ɗaura shi, domin in ya tsaya sun ɓata. Tawada daskarewa take yi, da fensir suke rubutu. In ka taɓa ƙarfe da hannu tsirara sai ya riƙe fatar. Numfashinka ya zama ƙanƙara a gemu, in ka kai ido jikin madubi gashin idon ya manne. Saboda duhu sai su ɗaura wa balan-balan 'yar fitila su riƙa bin haskenta. Shi madubin da 'yan ƙananan kusoshi ake juya shi, ba su juyuwa da safar hannu. Kullum sai ya cire safar. Yatsun suka fara yin fari, suka daina jin komai, daga baya suka yi baƙi suka fara wari. Likitan da ke cikinsu ya yanke su a kan teburin da suke cin abinci.

Ruwan sha sai an saro ƙanƙara an narkar a kan risho, wanka kuwa ba a maganarsa. Ya ce ba sanyin ne ya fi damun su ba, zaman ne. Labarin kowa ya ƙare, kowa ya haddace na kowa. Ka san yadda wane yake tauna, ka san tarin wane, har ka ji kamar ka shaƙe shi. Akwai lokacin da in ban da kiran lambobi babu mai ce wa wani uffan.

Da na koma gida na ba matata labari, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, wannan ai zamharira ake ba ka labari, azabar sanyin nan ta lahira da malamai ke faɗa. Ka tabbata mutumin nan da ransa ya je?"

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi bai yi boko ba. Yana noman gero a tudu da shinkafa a fadama, da kaka kuma ya shiga su, wato kamun kifi. Matarsa Babarbariya ce, danginta suna can bakin Tafkin Chadi. Da sanyin shekarar farko ya ɗauke mu a kwale-kwalensa muka nufi wajen ƙauyen Baturiya, saboda Baturen ya ce yana son ganin ruwa. Tsuntsaye sun rufe fadama, dinya da kirinjijiya da belbela. Muna cikin tafiya sai Baturen ya miƙe tsaye, saura ƙiris ya kifar da mu. Wasu 'yan tsuntsaye yake nunawa, masu ruwan ƙasa da dogayen ƙafafu, suna kiwo a bakin taɓo. Ya ce ya san su. Ya ce in rana ta dawo a ƙasar ƙanƙara, bakin teku ya narke, irinsu ne suke zuwa su yi ƙwai a cikin tsakuwa kusa da ɗakinsu, kuma kukansu shi ne abu na farko mai rai da suka ji bayan duhun nan. Na fassara wa yayana. Ya dube su, ya dubi Baturen, ya ce, "Ka ce masa mu ma mun san su. Da yaji suka fi daɗi." Baturen ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar in yayana ya kamo kifi ragon ruwa mai kyau sai ya aiko wa Baturen da shi.

Damina ta biyu ita ce ta ƙi. Shamuwa ta zo ta yi sheƙa, ruwa bai biyo ta ba. Aka yi guda ɗaya mai ɗan ƙarfi, kowa ya fita ya yi shuka, gero ya tsiro, sama ta ɗauke. Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. Ni ne mai zuwa in buɗe bututun tagulla kowace safiya in juye shi, babu ko ɗigo, in rubuta babu.

Ran nan da hantsi sai ga yayana a tudun, bai taɓa hawowa ba sai ranar. Ya gaishe da Baturen, ya ja ni gefe. Ya ce, "Ƙanena, ku da kuke leƙa sama kullum, ka tambayar mini shi. In sake shuka ko in jira? Irin da ya rage mini ke nan, in ya tafi babu wani."

Na fassara. Baturen ya murza dungun hannunsa. Ya ce in gaya masa zai iya cewa wani abu a kan yau, wataƙila gobe. Abin da za a yi nan da wata guda kuwa bai sani ba, kuma babu wanda ya sani a Ikko ko a ƙasarsu.

Yayana ya dubi akwatin, ya dubi kofunan da ke juyawa. Ya ce, "To me kuke aunawa?" Ba da faɗa ya faɗa ba, tambaya ce ta mai son ya sani. Ban fassara ba, Baturen ya ji da kansa. Yayana ya yi mana sallama ya sauka. Aka yi ɗan yayyafi bayan kwana biyu, ya zuba irin, shi ma ya ƙone.

Daga nan magana ta fara yawo a gari, wai balan-balan ɗinmu ce ke huda hadari. Wasu suka ce da idonsu sun ga ta shiga gajimare ya tsage. Mata suka daina amsa gaisuwar matata a bakin rijiya. A masallaci in na shiga sahu sai in ga na kusa da ni ya ɗan matsa. Ranar da aka fita roƙon ruwa, a kan hanyar dawowa wasu samari suka biyo ta tudun suka yi wa akwatin ruwan duwatsu, suka fasa ma'auni ɗaya, suka karya ƙofar. Di'o ya aiko ya ce a daina sakin balan-balan sai damina ta zauna.

Da la'asar ɗin ranar Baturen ya zauna a gindin tsamiya yana gyaran ƙofar, ni ina riƙe masa ƙusa. Raina a ɓace yake. Na ce, "Ranka ya daɗe, tambayar da yayana ya yi, ni ma ina son amsarta."

Bai ɗago ba. Ya ce a cikin waɗanda suka je ƙasar ƙanƙara akwai abokinsa tun na makaranta, mutum mai yawan waƙa, shi kaɗai ne bai daina magana ba a cikin duhun. Daga ƙofar raminsu zuwa akwatin sun ja igiya, domin in iska ta taso da dusar ƙanƙara ko tafin hannunka ba ka gani. Wata rana irin wannan iska ta taso, lokacin karatu ya yi, abokin ne ke da fita. Suka ce ya bari ta lafa. Ya ce in aka tsallake ɗaya, aikin shekara ya gurgunce. Ya kama igiya ya fita. Da suka ji shiru suka bi igiyar har akwatin, suka tarar da ƙofarsa a buɗe, babu mutum. Suka yi ta kira, iska tana mayar musu da muryarsu. Suka kaɗa gwangwani, suka kunna fitilu. Ba su gan shi ba sai da rana ta dawo. A zaune suka same shi, ya haɗa kai da gwiwa, tsakaninsa da ɗakin bai fi daga tsamiyar nan zuwa rumfar gas ba.

Baturen ya ce, "Da lokacin karatu na gaba ya yi, ni na fita na karanta."

Na ce, "Lambobin fa? Me aka yi da su?"

Ya ce an buga su a wani ƙaton littafi. Ya taɓa cin karo da shi a wani ɗakin karatu a ƙasarsu, ƙura ta rufe shi, da gani ba a taɓa buɗe shi ba.

"To me ya hana ka bari?"

"Ban iya komai ba sai shi, Malam." Ya buga ƙusa ta lanƙwashe, ya zare ta. Ya ce wataƙila wata rana, ba a zamaninmu ba, wani zai tattara na can da na nan ya iya gaya wa manomi ya shuka ko ya jira. Yadda ya faɗe ta, na san shi ma bai sa rai ba.

Ruwa ya zo a makare, lokacin da gero ya riga ya mutu. Mutane suka juya ga fadama, kowa ya zuba abin da ya samu na irin shinkafa, yayana har da na aro. Ta tsiro da kyau, fadama ta yi kore shar, muka fara cewa Allah ya kawo sauƙi. Sai kogi ya kawo. Ruwan da aka yi can yamma, wajen Kano, shi ne ya gangaro gaba ɗaya. Mu bututunmu bai nuna wani abin kirki ba, domin ba a kanmu aka yi shi ba. Shinkafa tana son ruwa ya hau a hankali tana bin sa tana tsawo. Wannan kuwa a 'yan kwanaki ya shanye kanta. Na tsaya a tudun ina kallo, daga ƙafata har iyakar gani ruwa ne, sai kawunan goruba. Ƙauyukan bakin kogi suka tashi. Katangun gidan yayana suka jiƙe suka zauna.

Ya kwaso iyalinsa suka dawo gidanmu, inda nake zaune da matata da mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna. Albashina bai kai ko'ina ba a kan bakuna masu yawa haka. Mata suka riƙa shiga ruwa suna tono bado, a shanya a daka a yi tuwo. Baturen yakan ba ni gwangwanayen madara in kai wa yara. Duk da haka autar yayana ta kamu da gudawa, kwana kaɗan ta rasu. Ni na ɗauke ta zuwa maƙabarta, ba ta fi nauyin kaza ba.

Da ruwa ya ja, yayana ya ce zai bi dangin matarsa zuwa Chadi, an ce kifi na nan. Inna ta yi kuka ta ce ya bari a ga damina mai zuwa. Ya ce, "Inna, da wane irin?" Ya sayar da kwale-kwalen, suka bi ayarin masu jakuna ta hanyar Nguru. Na raka su har bayan gari. Bai ce mini komai a kan aikina ba, ko a fuska. Ya ce, "Ka riƙe Inna da kyau. In na samu zan aiko."

Ambaliyar ta bar sauro irin wanda ban taɓa gani ba. Zazzaɓi ya kama Baturen, ya tashi, ya sake kama shi. Yana rawar ɗari yake fitowa karatun asuba, in ce ya koma ya kwanta ya ƙi. Wata safiya ban tarar da shi ba. Kukunsa ya ce fitsarinsa ya koma baƙi. Aka sa shi a motar Di'o zuwa Malam Madori, na bi su. Rana tana dukan kwanon tasha, kowa na gumi, shi kuwa an lulluɓe shi da barguna haƙoransa suna haɗuwa. Da za a shigar da shi jirgi ya kama rigata ya ce, "Malam, wa ya karanta na hantsi?" Na ce masa an karanta. Babu wanda ya karanta, ni kaɗai ne mai yi, ga ni kuma a tasha.

Ban sake ganin sa ba. Wani akawu ya ce mini a asibiti a Kano ya cika, wani kuma ya ce an kai shi har jirgin ruwa, a teku ya mutu. Ban san wanne ne gaskiya ba, ban kuma san ko yana da wanda zai yi kukansa ba. Bai taɓa ambaton mata ko ɗa ba.

Ba a aiko da wani a madadinsa ba. Aka zo aka kwashe tukunyar gas da madubin, aka bar mini akwati da bututu. Na ci gaba da hawa tudun ni kaɗai shekara da shekaru, har Turawa suka tafi. An yi damina mai kyau a ciki, an yi marar kyau, duk na rubuta na aika.

Yayana bai aiko ba. Shekara ta farko muka ce hanya ce da nisa. A ta uku wani mai fataucin bandar kifi ya ce ya ga matar yayana a wata kasuwa a bakin tafki, tana auren wani, ta ce masa mijinta na fari ciwon ciki ya kashe shi tun zuwansu, yaran kuma an raba wa dangi. Na so in je in nemo su, ba a ba ni hutu ba, babu mai karɓar karatun. Da na samu na je daga baya, ruwa ya ja, mutanen wurin sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa.

Inna ba ta yarda da maganar mai bandar ba har ta koma ga Allah. Ta ce bai san ɗanta ba, wata ya gani. Duk ranar kasuwa sai ta ce in biya rumfar masu banda in tambaya ko akwai wanda ya zo daga Chadi. Ni kuma in biya in tambaya.